Ba a goge aikinka ba, ɓoye shi aka yi

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Mutane da dama sun yi min magana a kan 'yar manhajar nan da na haɗa, wasu na tambayar yadda aka yi ta, wasu na cewa a tura musu. Maimakon in yi ta maimaita amsa ɗaya, gara in zube komai a nan, kowa ya ɗiba.

Duk wanda ya yi jami'a a ƙasar nan ya san zangon ƙarshe na shekara lokacin kukan fulash ne. 'Yan ajin ƙarshe na ta zirga-zirga tsakanin ofishin mai duba aikinsu da shagunan buga takardu, fulash ɗaya ya shiga kwamfuta goma kafin azahar. A nan Ibadan inda nake karatu, shagunan nan a jere suke kamar rumfunan kasuwa, kowanne da janaretansa da firintarsa da tsohuwar kwamfutar da ta ga duniya. Fulash ɗin ɗan Kano da na ɗan Ijabu da na 'yar Enugu duk rami ɗaya suke shiga. To abin da ɗaya ya kwaso, sauran ma sai sun ɗanɗana.

Ni ina aji uku ne a sashen kimiyyar kwamfuta. A zangon da ya wuce malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya rubuta ƙaramar manhaja mai taga da maɓallai, wadda mutum zai yi amfani da ita da linzamin kwamfuta, ba sai ya rubuta umarni a baƙin allo ba. Rabin aji suka ce kalkuleta za su yi. Wasu suka zaɓi mai lissafin makin jarabawa. Ni kuwa na ce zan yi mai duba folda da fayil. Abokin zamana ya kalle ni ya yi dariya, ya ce ai Windows ta riga ta yi wannan tun kafin a haife ni. Gaskiyarsa. Amma ina da dalilina.

Kwana kaɗan kafin a ba mu aikin, wani yayanmu a ƙungiyar ɗaliban Arewa, ɗan ajin ƙarshe a fannin noma, ya ƙwanƙwasa min ƙofa bayan isha'i. Mutum ne mai raha, amma ran nan ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. Ya ce, "Ƙanena, an ce kai ne mai kwamfuta. Babi huɗu na furojet ɗina sun tafi." Wata shida yana auna masara a gonar gwaji, yana shigar da alƙaluma. Kwamfutar da ya yi aikin a kanta ta aro ce, mai ita ya karɓe abinsa ya yi tafiya. Duk abin da ya mallaka yana cikin fulash ɗin nan. Ya kai shago a buga masa babi na huɗu, da ya dawo sai ya tarar kowace folda ta koma shotkat, mai 'yar kibiya a gindinta. An ba shi shawara ya yi wa fulash ɗin fomat, wai ko zai warke.

Da na saka a laftof ɗina ban taɓa ko shotkat ɗaya ba. Abin da na fara dubawa shi ne nawa aka cinye a cikin fulash ɗin. Sai ga shi kusan giga biyu a cike, alhali abin da ido ke gani bai taka kara ya karya ba. Nan hankalina ya kwanta. Kaya na nan a ɗaki, labule kawai aka saki.

Ga yadda wannan bairos ɗin yake aiki, don ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A Windows kowane fayil da kowace folda suna da wasu alamomi da ake iya maƙala musu. Akwai alamar "ɓoyayye", akwai kuma alamar "na tsarin kwamfuta". Bairos ɗin sai ya maƙala wa foldojinka duka biyun, sannan ya ƙirƙiri shotkat masu sunayensu ya ajiye a fili. Kai kuma ka ga sunan da ka sani, ka danna, shi ke nan ka tashe shi da hannunka, ya shiga kwamfutarka ya zauna jiran fulash na gaba. Ko ka je ka ce wa Windows ta nuna ɓoyayyun fayil, ba za ta nuna waɗannan ba, saboda alama ta biyun tana da nata makullin daban a can ƙasa, kuma in za ka buɗe shi sai ta yi maka gargaɗi mai ban tsoro. Wani nau'in ma tattara komai yake yi ya zuba a cikin wata folda da sunanta ba ya ganuwa.

Maganin layi ɗaya ne. Ka buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, in fulash ɗinka yana kan harafin E, ka rubuta:

attrib -h -s -r /s /d E:\*.*

Ina danna shi, foldojinsa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Bawan Allah ya zauna a bakin katifa ya yi shiru, sai can ya ce alhamdulillahi. Na ce bari in rubuta masa umarnin a takarda saboda gaba. Ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Malam, ni wallahi ko ka ba ni wannan, in na ga baƙin allon nan jikina rawa yake. Ba wani abu da mutum zai danna kawai?"

Wannan tambayar ita ce aikin da na kai wa malaminmu.

Na yi amfani da Python. Ga waɗanda ba 'yan fanninmu ba, Python yare ne na rubuta manhaja wanda wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Daɗinsa shi ne kana rubutawa kana gwadawa nan take. Yana kuma zuwa da wani kayan aiki mai suna Tkinter na zana taga da maɓallai. Shi Tkinter gada ce zuwa wani tsohon abu mai suna Tk, wanda John Ousterhout ya ƙirƙira a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, tare da yarensa Tcl. Akwai kayan zana taga da suka fi shi kyan gani, amma sai ka sauke su daga intanet. Ni da nake lissafin data kamar mai awon gero a watan bakwai, abin da ya zo a cikin buhu kyauta shi ne nawa. Mai amfani da Ubuntu zai buƙaci ya ƙara python3-tk.

Matakin farko, taga. Layi uku sun isa a ga taga ta buɗe: ka kira Tkinter, ka ƙirƙiri tagar, ka kira mainloop. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar abin. Manhajar da muka saba rubutawa a aji ɗaya tana farawa daga sama ta gangara ƙasa ta ƙare. Mai taga kuwa kamar mai shago take: ta buɗe ƙofa ta zauna. In an danna maɓalli ta tashi ta yi abin da aka ce, ta koma ta zauna. Aikinka shi ne ka gaya mata, in an danna nan ki yi kaza, in an danna can ki yi kaza.

Mataki na biyu, bishiya. Folda a cikin folda a cikin folda ai bishiya ce mai rassa, kuma Tkinter yana da wani abu mai suna Treeview da aka yi domin haka. Na ba shi ginshiƙai huɗu: suna, girma, ranar da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe, da alama. Na ɗaura masa sandar ja sama da ƙasa a gefen dama.

Mataki na uku, karanto abin da ke cikin folda. Nan ne sirrin yake. Python yana da os.scandir, wanda ya shigo a sigar 3.5 a 2015. Ka ba shi folda, ya lissafo maka duk abin da ke ciki. Shi ba ruwansa da labule. Mai duba fayil na Windows ne yake ganin alamar ɓoyewa ya kau da kai, amma fayil ɗin yana nan a rubuce a jerin, kuma os.scandir jerin yake karantawa. Alamomin ma yana kawo su a cikin wata lamba mai suna st_file_attributes. A cikinta 2 na nufin ɓoyayye, 4 na nufin na tsarin kwamfuta. Sai na ce duk abin da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu a rubuta shi da ja. Saboda haka kana saka fulash mai cutar nan, za ka ga foldojinka na gaskiya jajaye a jere, shotkat na ƙarya kuma a ƙarƙashinsu.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi koya min tunani. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar fayil dubu ɗaruruwa. In ka ce manhajar ta karanto komai kafin ta nuna taga, za ta sandare, mutum ya yi ta dannawa ba amsa, saboda mai shagon nan mutum ɗaya ne: in ya shiga sito yana ƙirga buhuna, ba mai kula da ƙofa. Dabarar ita ce kada ka buɗe folda sai an nema. To amma Treeview ba ya saka wa reshe alamar buɗewa sai yana da wani abu a ƙarƙashinsa. Sai ka saka wa kowace folda ɗan reshen bogi, fanko. Mutum na danna alamar, Tkinter zai sanar da kai cewa an buɗe reshe, kai kuma ka cire na bogin, ka karanto na gaskiya ka jera. Da wannan dabarar, ko babban faifai ka ba ta, nan take take buɗewa. Saboda dalilin nan ne ma na bar gurbin girman folda fanko, don sanin girman folda sai an bi duk abin da ke cikinta an tara.

Sai ƙananan abubuwa da suke sa manhaja ta zama ta mutane. Akwai foldojin da Windows ba ta yarda a leƙa ba, irin su System Volume Information. In ka taɓa su Python zai ɗaga kuskuren PermissionError. Sai ka tare shi da try da except, ka rubuta "ba izini" a gurbin, a wuce. Girman fayil yana zuwa ne a lamba doguwa, sai ka yi ta rabawa da 1024 har ya koma kilo ko mega ko giga. Kwanan wata ma haka: kwamfuta tana ba ka yawan daƙiƙun da suka wuce tun 1 ga Janairu 1970, kai ne za ka mayar da su rana da wata. Wannan ginshiƙin ya yi wa mutane rana fiye da yadda na zata. Kun dai san halinmu: "chapter 4 final", "chapter 4 final final", "chapter 4 final corrected". Ka danna kan ginshiƙin, ya jera su, ka ga wanda ya fi sabunta, rigima ta ƙare.

Akwai abubuwa biyu da na yanke shawara a kansu tun kafin in fara rubutu. Na farko, in ka danna fayil sau biyu, manhajar tana buɗe shi ta hanyar os.startfile, amma ban da masu ƙarewa da lnk, exe, vbs, js, bat, cmd da scr. Waɗannan in ka danna sai ta ce maka a'a, ta faɗi dalili. Windows a yadda take zuwa tana ɓoye wutsiyar sunan fayil, shi ya sa abu mai suna "result.pdf.exe" yake bayyana kamar takarda. Tawa tana nuna suna har wutsiya. Na biyu, ban saka maɓallin gogewa ba. Abokaina sun yi ta cewa in saka, ai ba wuya, layi biyu ne. Na ƙi. Wanda ke zuwa wurin wannan manhajar a firgice yake zuwa, hannunsa na rawa, ƙarfe ɗayan dare. Ba ka miƙa wa mai firgici wuƙa. Maɓalli ɗaya babba na saka, na rubuta masa "Bayyana". Ka zaɓi folda ja, ka danna, shi kuma ya kira umarnin attrib ɗin nan a bayan fage. Duka-duka abin bai wuce layi 150 ba.

E, da Hausa na rubuta maɓallan. "Zaɓi fulash", "Bayyana", "Koma baya", "Ba izini". Python 3 ba ya da matsala da ƙ da ɗ da ɓ, in dai ka ajiye rubutunka a tsarin UTF-8. Ranar da na fara ganin "ɓoyayye" a jikin tagar da ni na haɗa, da ƙugiyarta daidai, na daɗe ina kallo. Shekara uku ke nan ina zaune a garin da in na fita daga Sabo ko masallacin makaranta, sai in yini ban ji Hausa ba sai a waya. A bakin mutane da yawa a nan, sunana Aboki. Yawanci ba da mugun nufi ba ne, amma a cikin kalmar akwai hoton da aka riga aka zana: mai suya, mai canji, mai gadi, mai gyaran takalmi. Sana'o'i ne na mutunci, da irinsu aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Sai dai hoton ba shi da gurbin mai rubuta manhaja, kuma ni ba na son in yi ta gardama da baki a kan haka.

Abin da ya biyo baya ya fi gardamar daɗi. Wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta leƙo allona a ɗakin kwamfuta, ta tambayi wane yare ne wannan. Da na faɗa mata, sai ta ce to ina nata? Daren nan na kwashe duk kalmomin da ke jikin maɓallan na zuba su a wuri ɗaya, kowace da lakabinta, yadda canza yare zai zama canza jeri ɗaya kawai. Washegari ta cike na Yarabanci, da ɗige-ɗigensu na ƙasa da alamomin sautinsu na sama. Wani ɗan Ibo ya karɓa ya cike nasa. Yanzu manhajar tana magana da yare huɗu har da Turanci. Mun shafe kusan awa guda muna musun yadda kowa zai ce folda a yarensa, kuma a zaman nan na koyi Yarabancin da ban koya ba a wata shida.

Ranar gabatarwa malaminmu ya yi tambayar da na san za ta zo. Ya ce me wannan zai yi wanda na Windows bai yi ba? Ban yi dogon bayani ba. Na nemi izini, na tambayi aji ko akwai mai fulash ɗin da ya koma shotkat. Hannu uku suka tashi. Na karɓi ɗaya na saka, majigi ya haska allon a bango, jajayen foldoji suka jeru. Mai fulash ɗin ya miƙe tsaye daga bayan aji yana nuna bango, yana cewa ga hotunan bikin yayarsa can, tun bara ya haƙura da su. Malam ya gyara tabarau, ya ce in nuna masa inda na hana manhajar sandarewa. Na nuna masa reshen bogin. Ya gyaɗa kai ya yi rubutu a takardarsa.

Yanzu ga abin da manhajar ba ta yi, don kada wani ya dogara da ita fiye da ƙima. Ba ta kashe bairos. In kwamfutarka ce ke ɗauke da cutar, kana bayyana foldojin za ta sake ɓoye su, sai an wanke kwamfutar da manhajar kariya. Ba ta dawo da abin da aka goge da gaske ko aka yi wa fomat, wannan aikin wasu manhajojin ne daban. Kuma masu cewa in tura musu ita a matsayin exe, ku yi haƙuri. Ana iya naɗe ta da PyInstaller ta koma haka, amma ku duba lamarin: ina gaya muku kada ku danna exe ɗin da ba ku san asalinsa ba, sannan in raba muku wani yana yawo a WhatsApp, wanda kowa zai iya canza cikinsa ya bar sunana a kai? Rubutun manhajar zan ba ku. Ku karanta, ku ga abin da kowane layi yake yi, ku kunna da kanku.

'Yan ajin ƙarshe, don Allah ku ji wannan. Fulash ba ma'aji ba ne, ɗan aike ne. Duk daren da ka ƙara shafi a furojet ɗinka, ka tura wa kanka ta imel, ko ka ɗora a Google Drive, giga 15 suke bayarwa kyauta. In za ka shagon buga takardu, ka mayar da aikin PDF ka tura musu ta waya, ko ka ware fulash ɗaya na zuwa shago kawai, wanda ko ya ɓace ba za ka yi kuka ba. In kuma ka ga shotkat, kada ka danna, kada ka yi fomat. Duba nawa aka cinye a ciki tukuna.

Ƙannena 'yan aji ɗaya da biyu masu cewa rubuta manhaja ya fi ƙarfinsu, ku sani duk abin da na lissafa a sama ba wanda ya wuce abin da aka koya muku: jeri, sharaɗi, maimaitawa, da kiran aiki. Laftof ɗina tsohuwa ce, batirinta ba ya kai awa ɗaya, yawancin aikin a masallaci da ɗakin karatu na yi shi inda ake samun wuta. Ku duba kusa da ku, akwai wani abu da yake ba mutanen ɗakinku ciwon kai kullum. Ku fara da shi.

Ranar Asabar bayan la'asar zan zauna a inda muka saba taron ƙungiya. Mai laftof ya zo da ita, marar ita ya zo da biro da takarda, za mu rubuta manhajar tun daga layin farko. Mai fulash ɗin da ya koma shotkat shi ma ya kawo.

Sannan ina neman taimakon masana Hausa da ke nan. Har yanzu a jikin manhajar "folda" na rubuta. Wani ya ce in sa "jaka", wani ya ce "kundi", wani dattijo a Sabo ya ce "adaka" ta fi dacewa tunda ana saka wata a cikin wata. Wacce kuka ga ta fi zama a baki? Wadda ta fi samun goyon baya ita zan saka kafin Asabar.